Haƙƙin Sojan da Ya Faɗi a Fagen Daga: A Biya Dunƙule ko Wata-Wata?

Ranar 27 ga Maris, 2024, aka binne sojoji 17 a maƙabartar sojoji ta ƙasa da ke Abuja. Makonni biyu kafin nan aka kashe su a garin Okuama na Jihar Delta, cikinsu har da kwamandansu, Laftanar Kanar Abdullahi Hassan Ali. Shugaba Bola Tinubu ya halarci jana'izar da kansa. Ya ba mamatan lambobin girmamawa, ya yi wa kowane iyali alkawarin gida, ya ce gwamnati za ta ɗauki nauyin karatun 'ya'yansu har jami'a, har da waɗanda ba a haifa ba tukuna, sannan ya ba da umarnin a biya haƙƙoƙinsu cikin kwana 90. Babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya bayyana a wurin cewa mamatan sun bar mata 10, uku daga ciki da juna biyu, da marayu 21.

Ba wanda zai ƙi wannan alheri. Sai dai mafi yawan sojojin da ke rasuwa a bakin aiki ba a yi musu irin wannan taro. Kurtu ne ya taka nakiya a hanyar Damboa, ko kofur da aka yi wa kwanton ɓauna a dajin Zamfara, labarinsa bai wuce layi biyu a jarida ba, in ma ya fito. Iyalinsa ba su da alkawarin shugaban ƙasa, sai abin da tsari ya tanada: inshorar rai, wadda aka gina a kan ninki uku na albashinsa na shekara, da kuɗin mutuwa daga Hukumar Fansho ta Soja, da abin da ya tara a asusun walwala da ake cira daga albashin sojoji, da tallafin karatun yara ga waɗanda suka iya bin sawunsa. Mafi yawan wannan kuɗi dunƙule yake zuwa, sau ɗaya, kuma sau da yawa a makare. A ƙarshen 2023 ne Shugaba Tinubu ya sanar da amincewa da naira biliyan 18 don biyan inshorar sojojin da suka rasu, kuma cikin masu jira akwai waɗanda suka shafe shekaru suna zaman tsammani.

Maganar ta shafi kudancin Kano kai tsaye. Daga Kwanar Dangora a Ƙaramar Hukumar Kiru, hanya ɗaya ta miƙe Zariya, inda makarantar horar da kuratan soja take tun 1924. Ɗayar ta bi ta Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, inda sojoji ke da filin atisaye, ta wuce Doguwa. Yaran Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suna shiga soja kamar yadda na sauran wurare ke shiga, wasu don sha'awa, da yawa don gonar gado ba za ta ishi 'yan'uwa bakwai ba. Idan aka kawo labarin rasuwar ɗayansu, aka yi sadakar uku da ta bakwai, masu gaisuwa suka watse, sai a zo kan tambayar da ba a son yi a zaman makoki: abin da gwamnati za ta bayar, wa zai karɓa, kuma ta yaya? Mutane sun rabu biyu a kan wannan, kuma kowane ɓangare yana da abin kamawa.

Masu cewa a biya dunƙule hujjarsu ta farko ita ce rashin yarda, kuma ba daga sama suka samo ta ba. Sun ga tsofaffin sojoji, waɗanda suke raye kuma suna da bakin magana, suna tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja don neman haƙƙinsu. Sun ji shari'ar Abdulrasheed Maina, wanda aka ɗora wa gyaran fansho, kotu kuma ta ɗaure shi shekara takwas a 2021 kan halasta kuɗin haram. Tsofaffinmu suna tuna mazan jiya da suka yi yaƙin Bama a ƙarƙashin Ingila, suka dawo da sallamar da ba ta kai ta turawan da suka yi yaƙi tare ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun san yadda Faransa ta daskarar da fanshon tsofaffin sojojinta na Afirka tun 1959, aka shafe kusan rabin ƙarni kafin a daidaita shi. Mai wannan ra'ayi zai ce maka: idan namiji mai lambar soja yana shan wannan wahala, ina ga bazawara a Riruwai wadda ba ta taɓa shiga ofishin gwamnati ba? Gara a ba ta nata yau, kowa ya kama gabansa.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi a wurina, ita ce darajar naira. A 2012 dala ɗaya tana wajen naira 160, a 2024 ta haura 1,500. Duk alawus ɗin da aka yanke wa maraya a wancan lokaci, in ba a taɓa shi ba, yau ba zai saya masa abin da yake saya a da ba. Ƙasa kuwa ba ta yin haka. Wanda ya karɓi kuɗi dunƙule ya sayi fadama a gefen ruwan Tiga, ko gonar shinkafa a Tudun Wada, ko ta masara a Doguwa, ya haɗa da shanun huɗa, ya ajiye wa marayu abin da tsadar rayuwa ke ƙara wa daraja maimakon ta rage. Manomi ya san wannan lissafi tun kafin masana tattalin arziki su ba shi suna. Ga kuma wahalar tantancewa. Biyan wata-wata yana zuwa da sharaɗin a riƙa tabbatar da cewa mai karɓa yana raye, ga lambar BVN, ga hoto, ga takardar haihuwa, ga sunan da aka rubuta da kuskuren harafi ɗaya ya hana kuɗi shiga. Daga ƙauyukan Doguwa zuwa birnin Kano tafiyar awanni ce, kuɗin mota kuma ya ninka tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023.

Hujjarsu ta uku ta addini ce. Suna cewa Allah ya riga ya raba gado, kuma abin da mamaci ya bari ana raba shi ne a ba kowa nasa. Idan gwamnati ta riƙe kuɗin tana tsakura wa mata da yara kaɗai, ina rabon uwa da uba, waɗanda suka haife shi, kuma wataƙila shi ne ke aiko musu da kuɗin taki kowace damina?

Ɗaya ɓangaren kuma suna cewa a zo a dubi abin da ke faruwa bayan kuɗin ya shigo gida. Mu ƙaddara soja ya bar mata ɗaya, da 'ya'ya uku maza da mata, da iyayensa biyu, aka kawo naira miliyan 6 aka raba bisa gado. Matar za ta sami tumuninta, naira 750,000. Uba miliyan ɗaya, uwa miliyan ɗaya. Sauran miliyan 3 da dubu 250 na yara ne. In mata biyu ne, tumunin suke rabawa, kowacce 375,000. Rabon ba shi da aibi, hukuncin Allah ne. Matsalar tana kan kason yaran. Babbansu shekararsa bakwai, ƙaramar tana goye, kuma kuɗin nan shi ne zai ciyar da su, ya tufatar da su, ya kai su asibiti da makaranta har shekara goma sha biyar ko fiye. A mazhabar Malikiyya da muke bi, riƙon yaro yana hannun uwa, amma kula da dukiyarsa yana hannun wasiyyin da uba ya naɗa, in babu sai wanda alƙali ya ɗora. A ƙauyukanmu da wuya a je gaban alƙali. Kuɗin yana komawa hannun kaka ko baffa, uwar kuma ta koma gidansu bayan ta fita takaba, da yaran a hannunta, ba tare da kuɗinsu ba.

Ba ina nufin baffanni macuta ne ba. Na san da yawa suna riƙe 'ya'yan 'yan'uwansu da guminsu, ba tare da an bar musu ko sisi ba. Amma kuɗi mai yawa a gidan da ake fama da babu ba ya zama lafiya. Tsoho ya kwanta ciwo, a ce a ara daga na marayu. Auren ƙanwar mamaci ya taso, a ara. Damina ta zo babu taki, a ara, da niyyar mayarwa da kaka, sai ambaliya ko tsutsa ta cinye gonar. Wani ya zo da labarin kasuwancin da ke ninka kuɗi cikin wata uku. Kowane aro da dalilinsa mai kyau, kuma kafin babban yaron ya gama firamare babu abin da ya rage sai labari. Gonar da ake cewa za a saya, wani lokaci ana saye, amma da sunan wa? Ba takarda, shaidu sun tsufa, yaran sun girma a wani gari a matsayin agola. Masu goyon bayan biyan wata-wata suna cewa abin da iyalin soja suka rasa albashi ne da ke zuwa kowane ƙarshen wata, don haka abin da zai maye gurbinsa ya zo a haka. Ko ba yawa, ba wanda zai taru a kansa, kuma ba a iya cinye na baɗi a bana.

Akwai wani abu da ke ƙara dagula biyan dunƙule, wato sunan da ke cikin takarda. Yaro yana shiga soja yana ɗan shekara ashirin, ba aure, aka ce ya rubuta wanda za a nema in wani abu ya same shi, sai ya rubuta mahaifinsa ko yayansa. Ya yi aure, ya haihu, yana bakin daga, bai koma ya gyara ba. Ranar da ya rasu, hukuma sunan da ke fayil take bi. Wanda aka rubuta ɗin wakili ne kawai da zai karɓa a madadin magada, amma ba kowa ne ya fahimci haka ba, wani kuma ya fahimta ya yi kamar bai fahimta ba. Daga nan zumunci ke ɓaci: dangin miji suna ganin matar baƙuwa ce da za ta kwashe ta kai wa wani mijin, danginta suna ganin an ci amanar marayu.

Na auna hujjojin nan, kuma abin da na gani shi ne ɓangarorin biyu suna magana a kan kuɗi iri biyu da aka zuba a buhu ɗaya. Akwai abin da sojan ya mallaka tun yana raye: albashin da ba a biya shi ba, alawus ɗin fagen daga da aka riƙe, abin da aka riƙa cira daga albashinsa ana tarawa. Wannan dukiyarsa ce, gado ce, a biya bashinsa daga ciki, a raba sauran yadda shari'a ta ce, dunƙule kuma nan take. Babu hujjar riƙe wa mutane gadonsu. Sannan akwai abin da ƙasa ke bayarwa bayan rasuwarsa don kada waɗanda yake ciyarwa su tagayyara. Malamai da yawa suna bambanta wannan da gado, suna cewa kyauta ce da ke bin sharaɗin mai bayarwa, domin mamacin bai taɓa mallakarta ba. In haka ne, gwamnati tana da damar ta ce wannan kason na ciyar da marayu ne, kuma ta biya shi wata-wata ba tare da ta taɓa hukuncin gado ba. Tarihinmu bai saɓa wa wannan ba. Da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka yi wa iyalinsa abinci, ya kuma ci gaba da kula da 'ya'yansa. Sayyidina Umar ya kafa diwani, aka rubuta sunayen mutane, ana ba su rabo daga baitulmali a kai a kai. Ciyar da iyalin wanda ya mutu yana kare jama'a nauyi ne a kan baitulmali, kuma nauyi ne mai ɗorewa.

Ƙasashen da suka daɗe suna yaƙi ma ba su zaɓi ɗaya suka bar ɗaya ba. A Amurka ana ba iyalin sojan da ya rasu a bakin aiki dala 100,000 cikin 'yan kwanaki, ga inshorar rai da ke iya kaiwa dala 500,000, sannan ga alawus na wata-wata ga matarsa da 'ya'yansa wanda ake ɗagawa gwargwadon tsadar rayuwa. Ba adadin nake nufi mu kwaikwaya ba, ƙarfinmu bai kai ba. Abu biyu ne abin lura. Na farko, saurin biyan kason farko. Matar da ke takaba wata huɗu da kwana goma ba ta fita neman abinci, kuma in a bariki suke zaune, ba da daɗewa ba za a buƙaci ɗakin. Kuɗin da ya zo bayan shekara biyar bai tarar da wannan buƙata ba. Na biyu, dala 100,000 ɗin nan ɗaya ce ga janar da kurtu. Mu kuwa da muka ɗaura komai a kan ninkin albashi, iyalin ƙaramin soja, wanda shi ne a gaban harsashi kuma shi ne bai tara komai ba, su ne ke samun mafi ƙanƙanta. Bambancin muƙami yana da ma'ana a albashi. A kason marayu ban ga ma'anarsa ba, domin kuɗin makaranta da na magani ba sa tambayar igiyar da uba ya rataya.

Sai dai dole in amsa wa masu dunƙule gaskiyarsu: biyan wata-wata da ba a ɗaure shi da tsadar rayuwa ba yaudara ce. Idan za a yi, a ɗaure shi da albashin sojan da ke kan aiki a muƙamin da aka zaɓa, ta yadda duk ranar da aka ƙara wa masu rai, na marayu ya tashi da kansa ba sai wani ya sa hannu ba. A kuma fitar da shi daga inda albashin sojoji ke fita, a rana ɗaya. Gwamnatin da ke tsoron jinkirta albashin mai riƙe da bindiga ba za ta iya jinkirta na marayu ba in a takarda ɗaya suke.

Wasu za su ce me ya sa sai soja? 'Yan sanda suna mutuwa. 'Yan sintiri da mafarauta da suka yi ta fafatawa da ɓarayin shanu a dajin Falgore suna mutuwa, ba inshora, ba lambar aiki. Fararen hula ma suna mutuwa, wani lokaci a hannun sojojin kansu, kamar mutanen Tudun Biri a Jihar Kaduna da jirgi marar matuƙi ya hallaka fiye da 80 daga cikinsu suna Mauludi a Disamban 2023. Tambaya ce mai nauyi, kuma ban yarda a amsa ta da rage wa marayun soja ba. Soja shi ne wanda ƙasa ta ɗauka da yarjejeniya, ta hana shi cewa a'a idan aka tura shi inda zai mutu. In ƙasa ba ta cika wa wannan ba, babu ranar da za ta cika wa ɗan sintiri. Kuma sojan da ke daji yana ganin yadda aka yi da matar abokinsa, da wannan yake auna ko zai tsaya ko zai ja da baya.

Kuɗin na Gwamnatin Tarayya ne, amma akwai aikin da ba sai an jira Abuja ba. Abin da ke kayar da iyalai a Kiru ko Doguwa sau da yawa takarda ce: shaidar mutuwa, shaidar aure, takardar izinin karɓar gado daga kotu, wasiƙar ƙaramar hukuma. Ma'aikaci ɗaya a kowace sakatariya, wanda ya san hanyar waɗannan takardu kuma yake da alaƙa da Birged ta 3 da ke Kano da ƙungiyar tsofaffin sojoji, zai rage wa bazawara shekara guda ta zirga-zirga. Dagatai da hakimai sun san kowane gida da aka yi rashi, za su iya tsayawa a kai kason marayu gaban alƙali a naɗa masa mai kula a rubuce, a sayi gonar da sunan yaran. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi. Masu hali na yankin, da 'yan majalisar da ke wakiltar Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, za su iya tsayar da wakafi na gonaki ko shaguna wanda amfaninsa zai riƙa zuwa ga waɗannan marayu. Wannan ya fi buhun shinkafar da ake rabawa ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da mazan jiya, a ɗauki hoto a watse.

Sharaɗi ɗaya ne nake tsoron a shigo da shi idan aka tsara biyan wata-wata, wato a ce kuɗin zai tsaya in matar ta sake aure. Yawancin waɗannan mata ba su kai shekara talatin ba, kuma aure bayan takaba shi ne abin da addini ya halatta, al'ada kuma take so. Kada a sa mace ta zaɓa tsakanin aure da abincin 'ya'yanta. Alawus ɗin ya zama da sunan yaro, ya bi shi duk inda riƙonsa ya koma, ko wurin uwa, ko kakarsa ta wajen uwa, ko gidan baffa, har ya kai shekarun tsayawa da ƙafarsa ko ya gama karatu. Sojan da ya rasu bai yi aure ba kuwa, kuma irinsu suna da yawa a cikin ƙananan sojoji, kason ya koma ga iyayensa muddin suna raye, domin su ne yake ciyarwa.